Baƙon Watan Mayu: Yadda Za Ki Haɗa Wa Tsuntsun Oriyol Ruwan Sukari Ba Tare Da Kin Cutar Da Shi Ba



Yau tukunyar da za mu ɗora ba ta maigida ba ce, ba kuma ta yara ba. Ta wani baƙo ce da nauyinsa bai wuce giram 30 zuwa 40 ba, ko ƙwan kazar gidan gona ya fi shi nauyi. Sunansa oriyol, kuma ɗan nahiyar Amurka ne. Idan kina cikin 'yan'uwanmu da aure ko karatu ko aiki ya kai Amurka ko Kanada, wannan rubutu naki ne kai tsaye. Idan kuwa daga Kano ko Damagaram ko Kumasi kike karantawa, kada ki yi saurin wucewa, na ajiye miki naki rabon a ƙasa.

Shekarata ta farko a jihar Maryland, sanyi ya kulle mu a ɗaki wata da watanni. Yara daga makaranta sai talabijin, daga talabijin sai wayata. Ni kuma kewar gida ta dame ni, don babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce "ko kina da ɗan barkono?", babu kukan zakara, babu kurciya a kan katanga. Wata safiya a farkon watan Mayu sai na ji 'yata ta ƙwala min kira daga taga: "Umma, zo ki ga wani tsuntsu kamar an tsoma shi a manja!" Na zo na tarar da shi a kan reshe, kai da baya baƙi wuluk, ƙirji da ciki ruwan lemo mai ƙyalli, yana wani fito mai daɗi kamar ana busa sarewa. Bai yi minti biyu ba ya tashi. Ranar nan yarinyar ba ta nemi wayata ba, tana bakin taga tana jiran ya dawo. Daga nan na shiga neman dabarar da za ta sa ya riƙa dawowa.

Wane ne wannan baƙo?

Wanda ake gani a gabashi da tsakiyar Amurka shi ake kira oriyol na Baltimore. Sunan ya samo asali ne daga launin tambarin gidan Lord Baltimore, Baturen Ingila da danginsa suka kafa Maryland, saboda launin tsuntsun ya yi kama da na tambarin. Tun 1947 jihar ta ayyana shi a matsayin tsuntsunta, kuma ƙungiyar ƙwallon besbol ta birnin Baltimore sunansa take amfani da shi. Idan a yammacin ƙasar kike, irin su Kalifoniya, 'yan'uwansa za ki gani, kuma abincinsu kusan ɗaya ne.

Ɗan ci-rani ne. Lokacin sanyi yana Meziko da Amurka ta Tsakiya har zuwa Kolombiya da Benezuwela, inda yake shan ruwan furanni da 'ya'yan itatuwa, sau da yawa a gonakin kofi da ake nomawa a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi. Idan sanyi ya janye sai ya kamo hanyar arewa don yin ƙwai. Da dare yake tafiya, wasu ma sukan tsallake tekun Meziko ba tare da sun sauka ba. Ki ƙaddara yadda matafiyi irin wannan yake isowa: a gajiye, a rame, kuma a lokacin da tsutsotsi ba su gama fitowa ba, 'ya'yan itatuwa ba su nuna ba. Wannan ne ya sa ruwan sukari da ɓarin lemo suke jan shi a makonnin farko fiye da kowane lokaci.

Macen ba ta kai namijin kyau ba, launinta ya fi kusa da ɗorawa mai duhu, amma ita ce gwanar. Ita take saƙa sheƙa da zaren ciyayi da ɓawon itace, ta rataye ta a ƙarshen reshe kamar 'yar jaka, aikin da yakan ɗauke ta kusan mako guda. Duk wadda ta taɓa ganin sheƙar tsuntsayen nan masu saƙa da ke lilo a bishiyoyin bakin rafi a gida za ta gane fasalin nan take.

Yadda ake haɗin

Abu biyu kawai kike buƙata: farin sukari na shayi da ruwa mai tsabta. Ma'aunin shi ne kashi 1 na sukari, kashi 6 na ruwa. Ko da wane mazubi kika auna, kofi ne ko gwangwanin madara, muddin da shi kika auna duka biyun, ya yi.

Shawarata, kada ki fara da yawa. Cokali 4 na cin abinci na sukari a kofi ɗaya da rabi na ruwa ya ishe ki kwanakin farko. Ki tafasa ruwan, ki sauke, ki zuba sukarin ki juya har sai kin daina ganin ƙwayarsa. Kada ki bar shi a wuta yana ta tafarfasa kamar za ki yi alawa, don ruwan zai ƙone, zaƙin ya wuce ma'auni. Ki bar shi ya huce sarai kafin ki zuba a mazubin tsuntsayen. Ragowar ki sa a kwalba mai murfi a firij, amma kada ya wuce mako guda. Ki rubuta a jikin kwalbar, don ni an taɓa shanye min nawa a gida, aka kuma ce lemon nan ba shi da ɗanɗano.

Za ki ga wasu suna cewa kashi 1 da kashi 4. Wannan ma'aunin ɗan mitsitsin tsuntsun nan ne da ake kira haminbad, mai tsayawa cak a iska yana tsotsar fure. Oriyol ma yana sha, kuma ba ya cutar da shi. Idan mazubi ɗaya kike da shi don su biyun, ki yi 1 da 4. Idan na oriyol ne kaɗai, 1 da 6 ya wadatar, ya fi sauƙi a aljihu, kuma ƙudan zuma ba su cika damuwa da shi ba.

Mazubin kuwa, ana sayar da na oriyol a shagunan kayan lambu da manyan kantuna. Yawanci ruwan lemo ne launinsa, ramukansa sun fi na haminbad faɗi, kuma yana da wurin tsayawa, domin shi oriyol sai ya dafa ƙafa yake sha. Wajen saye ki duba abu ɗaya: yana buɗewa gaba ɗaya yadda hannunki ko buroshi zai kai ko'ina? Idan yana da lungun da ba ya wankuwa, ki bar musu kayansu komai kyansa.

Kuskuren da na yi da zuma

A nan nake so ki tsaya ki karanta da kyau, don a nan kyakkyawar niyya take zama illa.

Mu a wurinmu zuma magani ce, kuma ta fi sukari daraja nesa ba kusa ba. To da na tashi karrama baƙona sai na ce wane irin farin sukari, bari in ba shi mai kyau. Na dama zuma da ruwa na rataye. Kwana biyu kacal ruwan ya yi gauraye, ya fara kumfa, ga wasu baƙaƙen ɗigo a bakin ramukan. Wata tsohuwa maƙwabciyata da ta daɗe tana wannan harka ta hango daga nata gefen, ta zo ta shinshina, ta ce in zubar yanzu-yanzu. Ita ta fara yi min bayani, daga baya na ga masana tsuntsaye ma abin da suke faɗa ke nan.

Zuma a kwalbarta ba ta lalacewa saboda kaurinta. Amma da zarar an tsinka ta da ruwa, ta zama gonar fumfuna da ƙwayoyin cuta, kuma tsuntsun da ya sha yana iya kamuwa da ciwon baki da maƙogwaro. Tsuntsun da ba ya iya haɗiya kuwa, kin san ƙarshensa. Farin sukarin da na raina shi ne ya fi kusa da zaƙin da ke cikin fure, don sinadarinsu ɗaya ne.

Haka nan ki guji jan sukari da duk danginsa irin su mazarƙwaila. Suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da yake taruwa a jikin ƙananan tsuntsaye masu shan fure ya cutar da su, kuma haminbad zai zo ya sha ko ba ki gayyace shi ba. Sukarin gari na kwalliyar kek ana gauraya shi da sitaci, shi ma a'a. Sukarin masu ciwon suga ba shi da abin da ke ba jiki ƙarfi, tsuntsu zai cika cikinsa ya tashi da yunwa. Sai kuma kala. Za ki ga kwalabe a kanti da ruwa ja ko ruwan lemo an rubuta na tsuntsaye ne. Ba ki buƙatarsu. Launin mazubin shi ke jan hankalinsu, ruwan fure na gaskiya fari ne tas kamar ruwan sha, kuma kalar ba ta ƙara musu komai.

Wanki shi ne ainihin aikin

Haɗin minti biyar ne. Abin da ke bambanta mai ciyarwa da mai cutarwa shi ne wanki. Ruwan sukari da ke rataye a waje yana tsami, kuma zafi yana hanzarta shi. Idan gari da sanyi-sanyi, ki canza duk bayan kwana biyu zuwa uku. Idan zafi ya haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, kamar yadda yake yi a Yuli da Agusta, kullum za ki canza. Kada ki ƙara sabo a kan tsoho. Ki zubar, ki wanke da ruwan zafi, ki goge ramukan da ƙaramin buroshi, tsohon buroshin haƙori ma ya yi. Sau ɗaya a mako ki jiƙa shi a ruwan khal da aka tsinka, ki ɗauraye sosai, ki bar shi ya bushe. Da kin ga ruwan ya daina sheƙi ko ya fara wari, kada ki jira ranar canji.

Ki ware masa buroshinsa da robarsa daban da na kwanukan abinci, kuma duk yaron da ya taɓa mazubin ya wanke hannu da sabulu, don kashin tsuntsu yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa. Idan za ku yi tafiya, ko kin san makon nan ba za ki samu sukuni ba, ki sauke shi ki wanke ki ajiye. Tsuntsun ba zai mutu don kin sauke ba, yana da abincinsa a dawa. Ruɓaɓɓen ruwa ne zai iya kashe shi.

Tururuwa kuma za su zo, wannan babu makawa. Maganinsu wani ɗan kofi ne da ake ratayawa a saman mazubin a cika shi da ruwa, ba sa iya tsallakewa. Kada ki shafa mai ko basilin a igiyar, kada kuma ki fesa maganin ƙwari. Mai yana ɓata gashin tsuntsu, gashin nan kuwa shi ne rigarsa, shi ne kuma abin hawansa.

Lemo da jam

Gaskiyar magana, a gidana ɓarin lemon zaƙi ya fi ruwan sukarin kasuwa. Ki raba lemo biyu, ki soke shi a ƙusa ko a reshe, cikin yana kallon sama. Ki kira yara su ga yadda yake sha: yana soka bakinsa a rufe cikin lemon, sai ya buɗe shi a ciki ya yi rami, sannan ya lashe ruwan da harshe. Yana son 'ya'yan itace masu duhu da suka nuna luguf, irin su baƙin inabi, ba ya kula koren. Lemon ma ki canza shi kullum ko bayan kwana biyu.

Jam ɗin inabi kuwa, kamar yara da alawa suke a kansa. Amma cokali ɗaya ko biyu a ɗan ƙaramin mazubi marar zurfi ya isa. Idan kika cika kwano, ƙaramin tsuntsu yana iya faɗawa ciki, gashinsa ya manne, ya kasa tashi. Ki duba jikin kwalbar ki tabbatar ba mai sukarin masu ciwon suga ba ne.

Lokaci da wuri

Ki rataye kayanki kamar mako ɗaya ko biyu kafin su iso. A jihohin kudu da ke bakin teku suna bayyana tun farkon Afrilu, a Maryland da kewayenta ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, a jihohin arewa da Kanada kuma cikin Mayu. Idan suka iso suka tarar babu komai, sukan wuce su kama wani wuri. Ki sa shi inda za a hango daga sama, kusa da bishiya, amma inda rana ba ta dukansa yini guda. Idan gidan haya kike a bene, ki fara duba ƙa'idar gidan, don wasu ba sa yarda a rataye abincin tsuntsaye a baranda.

Abu biyu ke kashe tsuntsaye a gidajen Amurka fiye da yadda za ki zata. Na farko gilashin taga. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa tsuntsaye miliyan 365 zuwa miliyan 988 ne ke mutuwa duk shekara a ƙasar ta hanyar karo da gine-gine, domin suna ganin hoton bishiya a gilashi su ɗauka hanya ce. Saboda haka ko dai ki rataye mazubin dab da taga, ƙasa da mita ɗaya, yadda ba zai taso da gudun da zai ji ciwo ba, ko ki kai shi nesa kamar mita 10. Na biyu kyanwa, wadda ɓarnarta ta ma fi ta gilashi. Idan kina da ita ki riƙe ta a ɗaki, idan ta maƙwabta ce ke yawo, ki ɗaga mazubin sama nesa da inda za ta laɓe. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, don binciken da mujallar Science ta buga a 2019 ya nuna Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 daga 1970.

Sai wani gargaɗi musamman gare mu. Mun taso yara maza suna ɗana tarko, suna harbi da gwafa, ana sa kanari a keji, ba wanda ya ɗauke shi laifi. A Amurka akwai dokar kare tsuntsaye masu ƙaura tun 1918, kuma oriyol yana cikinta. Kama shi, ajiye shi a keji, ɗaukar ƙwansa ko cire sheƙar da yake ciki, duk laifi ne da ake cin tara a kai. Ki ja kunnen yara tun wuri, har da baƙon da ya zo hutu daga gida.

Idan Yuni ya kama kika ga sun ɗauke ƙafa, kada ki ce haɗinki ne ya ɓaci. Sun ƙyanƙyashe ne, kuma jariransu tsutsa da ƙwari suke ci, don da su jiki ke ginuwa. A wannan lokaci ki rage jam ko ki janye shi. Wajen Yuli sai ki ga sun dawo da 'ya'yansu, masu launi kamar na uwar, suna koyon tsayawa a kan lemo. Namijin cikinsu ba zai samu cikakkiyar rigarsa ba sai a shekararsa ta biyu. Zuwa Satumba yawancinsu sun kama hanyar kudu. Idan yara suna son sanin wane ne wane, akwai manhajar Merlin ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell, kyauta ce, tana gane tsuntsu daga hoto ko daga kukansa. A gidana ita ce kaɗai dalilin da nake miƙa waya ba tare da an yi rigima ba.

Ke da ke gida fa?

Oriyol na Baltimore ba zai zo Kano ba, komai yawan lemon da kika yanka. Muna da namu oriyol a dazukan Afirka, rawaya mai baƙin zane a ido kamar ya sa kwalli, mai son ɓaure da tsutsa. Shi ne ma dangin masu sunan na asali, Turawa suka ara suka liƙa wa na Amurka don kamannin launi, amma ba zuriyarsu ɗaya ba. Mai kunya ne, yana can ƙololuwar bishiya, ba ruwansa da mazubin kowa.

Mai shan fure a wurinmu shi ne sha-kauci, ɗan ƙaramin nan mai siririn baki lanƙwasasshe da ƙyalli a wuya, wanda kike gani a kan furen kauci da na zogale. Yana shan ruwan farin sukari, kuma duk ƙa'idojin da na lissafa sun hau kansa. Sai dai ni ba zan ba ki shawarar ki fara da shi ba. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ruwan sukari ba ya kai yamma bai juya ba, ga shazumami, ga tsadar sukarin kansa. Bishiyar zogale ɗaya a tsakar gida za ta yi miki wannan aiki ba wanki ba canji, ki kuma samu na kwaɗo da na miya.

Abin da tsuntsayenmu suka fi nema a bazara ruwa ne. Ki samu kasko marar zurfi, ki sa ɗan dutse a tsakiya don ƙananan su samu wurin tsayawa, ki ɗora shi a inuwa a kan wani abu mai tudu inda kyanwa ba za ta kai ba. Ki ba yaro ɗaya aikin zubarwa da sake cikawa kowace safiya, don ruwan da ya kwana biyu ya fara zama gidan sauro. Idan kuma kina kiwon kaji, ki nisanta kaskon daga akurkinsu, kada su riƙa sha tare da tsuntsayen dawa. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006, kuma har yanzu takan dawo ta yi wa masu kiwo ɓarna. 'Yan'uwa na Amurka masu kaji a gida, ku ma wannan ta shafe ku: idan aka sanar da ɓullar cutar a yankinku, ku sauke mazuban har ta lafa.

Wadda ta gwada, ta faɗa mana a wurin sharhi a ƙasa garin da take da kuma tsuntsun da ya fara zuwa. Idan an samu hoto a haɗa da shi, ko da ya ɗan yi dishi-dishi, don na san ba sa tsayawa a ɗauke su.